Kalmomin Nuni a Rubutun Jamusanci da Yadda Ake Koyar da Su ga Baƙin Harshe



Ranar 9 ga Nuwamba 1989, daf da ƙarfe 7 na yamma, Günter Schabowski, ɗaya daga cikin jiga-jigan jam'iyyar da ke mulkin Jamus ta Gabas, yana zaune gaban 'yan jarida a Berlin ta Gabas, ana watsa taron kai tsaye ta talabijin. Sai ya zaro wata takarda da shugabansa Egon Krenz ya miƙa masa, ya karanto sabuwar ƙa'idar da ta bai wa 'yan ƙasar damar fita waje. Aka tambaye shi yaushe za ta fara aiki. Ya ɗan jujjuya takardun da ke gabansa, ya ce a iya saninsa *sofort*, wato yanzu-yanzu. Ba ƙarya ya yi ba, domin kalmar tana cikin takardar. Abin da ya kuɓuce masa shi ne, an tsara fitar da sanarwar ne washegari, 10 ga wata. "Yanzun" waɗanda suka rubuta takardar daban, "yanzun" wanda ya karanta ta daban. Dubban mutane suka yi dafifi a mashigar kan iyaka da ke titin Bornholmer, kuma wajen ƙarfe 11:30 na dare jami'in da ke wurin, Harald Jäger, ya ba da umarni a buɗe ƙofa.

Akwai kalmomi a kowane harshe waɗanda ba su da mazauni sai an san wanda ya furta su, da inda yake tsaye, da lokacin da ya furta. "Doki" doki ne ko a Kano aka faɗa ko a Hamburg. Amma "ni", "nan", "yau", "wannan" kuwa, kowane baki da abin da suke nufi. Jamusawa na kiransu *Zeigwörter*, kalmomin nuni, masana kuma suna kiran fannin *Deixis*, daga kalmar Girkanci mai nufin nunawa. Karl Brugmann ya yi nazarinsu a harsunan dangin Indiya da Turai tun 1904, amma wanda ya ɗora harsashin da ake bi har yau shi ne Karl Bühler, malami a Jami'ar Vienna, a littafinsa *Sprachtheorie* na 1934. Shekara huɗu bayan fitowar littafin 'yan Nazi suka tsare shi, daga baya ya bar ƙasar, ya ƙare rayuwarsa a Amurka, inda ya rasu a 1963. Bühler ya ce duk nuni daga cibiya ɗaya yake tasowa, inda *ich*, *hier* da *jetzt* suka haɗu, wato ni, nan, yanzu. Ya kuma lura cewa ba abin da ido ke gani kaɗai ake nunawa ba. Ana nuna abin da aka riga aka faɗa a cikin zance, ana kuma ɗaukar mai sauraro a kai shi wani wuri a cikin tunani, a nuna masa abubuwa a can kamar yana tsaye a wurin.

Idan mutum biyu suna fuskantar juna, yatsa da ido da haɓa suna yin rabin aikin. Rubutu ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Wanda ya tarar da shago a kulle a Jamus, an manna 'yar takarda an rubuta *Bin gleich zurück*, "yanzu zan dawo", bai san ko minti biyu da suka wuce aka manna ta ba ko tun safe. A wani wajen kuma rubutun kansa yake nunawa. Duk wanda zai saki gidan haya ko ya ajiye aiki a Jamus, wasiƙarsa takan fara da *Hiermit kündige ich*, wato "da wannan na janye". Wannan *hier* ɗin ba gari yake nunawa ba, ba ɗaki ba; takardar da ke hannun mai karatu yake nunawa, kuma ita ce ke aiwatar da janyewar. Haka marubucin ilimi zai ce *oben* da *unten*, sama da ƙasa, alhali shafukan baya da na gaba yake nufi.

To, yaya ake gabatar wa baƙon harshe waɗannan kalmomi? Yawanci da jadawali. A darussan farko ana nuna masa *hier*, *da*, *dort* a jere kamar matakala: kusa, tsaka-tsaki, nesa. Sannan a ba shi *dieser* da *jener* a ce wannan da wancan ne, a sa shi haddace sauye-sauyensu ta jinsi uku da halaye huɗu na nahawu. Ɗalibi ya haddace, ya ci jarrabawa, ya buɗe jarida ko ya shiga jirgin ƙasa, sai ya ga matakalar ba ta kai shi ko'ina ba.

A ɗauki *da*, wadda ita ce ta fi kowace rikitarwa, ga kuma ƙarin tsautsayi ga Bahaushe cewa rubutunta ɗaya da tasa "da". An koya wa ɗalibi cewa tana nufin can. Sai ya ji yaro ya shigo gida daga makaranta ya ɗaga murya ya ce *Ich bin da!* Yaron ba can yake ba, ga shi a tsakar ɗaki. Sai ya kira ofis ya nemi wani, a ce masa *Er ist nicht da*. A labari kuma ya ci karo da *Da klingelte das Telefon*, inda kalmar ta bar wuri ta koma lokaci: ana cikin haka sai waya ta yi ƙara. A farkon wata jimlar ma, *Da es regnet*, ta zama "tun da ana ruwa". Gaskiyar lamarin, *hier* da *dort* su ne kishiyoyi. *Hier* ta ƙunshi inda mai magana yake, *dort* ta fitar da shi. Ita kuwa *da* ba ruwanta da nisa. Aikinta ta ce wa mai sauraro, "wurin da hankalinmu yake, ka gane shi."

A nan ɗalibi Bahaushe yana riƙe da abin da bai san yana riƙe da shi ba. *Ich bin da* ai "ina nan" ce. *Er ist nicht da* ai "ba ya nan" ce. "Daga nan sai" da "nan take" na mai ba da labari, su ne *da* ta lokaci. Philip Jaggar da Malami Buba sun nuna a wani nazari na 1994 cewa "nan" da "can" na Hausa ba biyu ba ne, huɗu ne, karin sauti ne ke raba su: "nan" mai faɗuwar sauti kusa da mai magana, "nan" mai sautin sama kusa da wanda ake yi wa magana ko wurin da aka riga aka ambata, "can" mai faɗuwa ga abin da ke nesa da su biyun, "can" mai sautin sama ga wanda ya yi nisa ƙwarai. Wanda ya tashi da irin wannan rarrabewa a kunnensa, bai kamata *da* ta ba shi wahala ba. Tana ba shi ne saboda yawancin masu koyon Jamusanci a Najeriya, ko a jami'o'in Ibadan, Nsukka da Ile-Ife ko a cibiyar Goethe da ke Legas, ta Ingilishi suke bi su isa gare shi, kuma Ingilishi kalmomi biyu kacal yake da su a wannan gurbi. Sai a tace harshe mai huɗu ta cikin mai biyu don a kai ga mai uku.

Batun *hin* da *her* ya fi wannan fitowa fili. Masu jin Ingilishi da Faransanci suna shan fama da su shekara da shekaru. *Her* motsi ne zuwa ga mai magana, *hin* motsi ne daga gare shi. Mutum ya ƙwanƙwasa ƙofar ofishin farfesa, daga ciki aka amsa *Herein!* Wannan "Shigo!" ce, babu ragi babu ƙari. Wanda ke tsaye tare da shi a waje kuwa *Geh hinein* zai ce masa, "shiga". *Heraus* da *hinaus* su ne fito da fita, *herunter* da *hinunter* sauko da sauka, *herauf* da *hinauf* hawo da hau. Abin da Jamusanci ke yi da ɗafa-goshi, Hausa na yi da wasalin -o a ƙarshen aikatau, wanda masu nahawu ke kira giredi na shida. Malamin da ya san haka, darasin mako guda zai gama shi kafin a tashi shan iska.

Amfanin wannan a karatun adabi ba ƙarami ba ne. Idan marubuci ya rubuta *Sie kam herein*, ta shigo, ya riga ya zaunar da mai karatu a cikin ɗakin, yana kallon ƙofa. Idan ya rubuta *Sie ging hinein*, ta shiga, mai karatu a waje aka bar shi, yana kallon bayanta. Ba a faɗi inda mai ba da labari yake ba, amma harufa uku sun tona. Wannan ne nuni a cikin tunani da Bühler ya yi magana a kai. Sai dai a gargaɗi ɗalibi cewa a bakin titi Jamusawa sun gajarta su zuwa *rein*, *raus*, *rauf*, *runter*, kuma a gajeren babu bambancin zuwa da tafiya.

Duk waɗannan masu sauƙi ne idan aka kwatanta da abin da ke tafe, wanda shi ne zuciyar matsalar a rubutu. Jamusanci na da hanya biyu ta komawa ga wanda aka riga aka ambata. Akwai *er*, *sie*, *es*, akwai kuma *der*, *die*, *das* da *dieser*. A ƙamus duk "shi" da "ita" ne. Konrad Ehlich, wanda ya fara nazarin nuni a kan Ibrananci na Tsohon Alkawari a aikinsa na 1979 kafin daga baya ya riƙe kujerar koyar da Jamusanci ga baƙi a Munich, ya nuna cewa aikinsu a ƙwaƙwalwar mai karatu ya sha bamban. *Er* na cewa: ci gaba da riƙe wanda kake riƙe da shi. *Der* da *dieser* na cewa: juya hankalinka, ga wanda ake nufi yanzu. Na farko kamar riƙe hannun yaro ne ana tafiya, na biyu kamar taɓa kafaɗar mutum ne a ce masa "duba nan".

Ga misali. *Der Arzt rief den Patienten an. Er war müde.* Likita ya kira majinyaci a waya, ya gaji. Bajamushe zai fi ɗaukar cewa likitan ne ya gaji, domin shi ne aikau, shi ake ba da labarinsa. A sauya kalma ɗaya, a ce *Dieser war müde*, ko a magana *Der war müde*, nan take gajiyar ta koma kan majinyacin. Peter Bosch da abokan aikinsa a Jami'ar Osnabrück sun bi wannan a tarin rubuce-rubuce da gwaje-gwajen karatu, suka tabbatar cewa *der* na ƙaurace wa wanda ke jan ragamar zance, yana neman ɗayan. Hausa na yin irin wannan juyi da "shi kuwa" ko "shi majinyacin". Ɗalibin da bai san wannan ba zai karanta rahoton kotu a jarida, inda kusan kowace jimla ke da maza biyu, ya ɗora laifin wanda ake tuhuma a kan lauyansa, kuma ba zai taɓa zargin ya yi kuskure ba, tun da kowace kalma ya san ma'anarta.

Mallaka ma haka take. *Anna traf ihre Freundin und ihren Mann.* Anna ta haɗu da ƙawarta da mijinta. Mijin wa? Hausar ma ba ta faɗa ba, kuma tambaya ce da kan iya tayar da ƙura. Jamusanci na da maganinta: *und deren Mann*, mijin ƙawar ke nan, ba na Anna ba. *Dessen* da *deren* ana koyar da su ne yawanci a babin jimlolin dangantaka, a wuce wannan aikin nasu ko a taɓa shi a layi biyu.

Ita kuwa *jener*, da ake ɓata wa ɗalibi lokaci a kanta tun farko, da wuya ya ji ta a bakin wani. Wanda ke shagon burodi yana nuna na can gefe, *das da* zai ce ko *das dort*. *Jener* ta koma rubutu mai nauyi da 'yan maganganu daskararru irin su *dieses und jenes*, kaza da kaza, ko *in jener Zeit*, a wancan zamani. Ko a rubutun ma, idan ana son rarrabe abu biyu da aka ambata, marubuta da yawa sun fi son *ersterer* da *letzterer*, na farkon da na ƙarshen. Ya kamata a jinkirta ta sai ɗalibi ya fara karanta tsofaffin littattafai, a ba *der* mai nuni gurbinta. A haɗa masa da gargaɗi guda: kiran mutum *der* ko *die* yana tsaye a wurin na iya zama rashin ladabi, kusan kamar a ce "wancan" ga dattijo a gabansa.

Daga nan sai dangin *da* masu haɗe da harafi: *damit*, *dafür*, *darauf*, *darüber*, *dabei*, *dadurch*. Ƙa'idar farko mai sauƙi ce, abu ake nunawa da su ba mutum ba. Mai jiran bas zai ce *Ich warte darauf*, mai jiran ɗan'uwansa kuwa *Ich warte auf ihn*. Wahalar tana wurin girman abin da suke ɗauka. *Dadurch* guda ɗaya na iya naɗe sakin layi sukutum ta miƙa shi ga jimla ta gaba. Wani lokaci kuma gaba suke nunawa, ga abin da bai zo ba tukuna: a *Es kommt darauf an, ob*, ya danganta da ko, *darauf* wuri take kama wa jimlar da ke tafe. Ɗalibin da ya saba waiwaye zai yi ta laluben baya bai samu komai ba. A arewacin Jamus ma sukan raba kalmar biyu a magana, su ce *Da weiß ich nichts von*, ban san komai a kai ba.

Da yawa daga cikin kalmomin da ake haddacewa a matsayin mahaɗai, nuni ne a ɓoye. *Deshalb* da *deswegen* suna ɗauke da *des*, *trotzdem* na ɗauke da *dem*, dukansu siffofin *das* ne. Bahaushe na faɗin abu ɗaya a fili: saboda haka, duk da haka. Wannan "haka" ita ce yatsan. Idan malami ya ɓare kalmar ya nuna wa ɗalibi yatsan da ke ciki, tambayar da ta dace za ta zo da kanta: saboda me? duk da me?

Ba baƙi kaɗai wannan tambaya ke kamawa ba. Ranar 31 ga Agusta 2015, a taron manema labarai a Berlin, shugabar gwamnati Angela Merkel ta ce *Wir schaffen das*, za mu iya da shi. Kalma uku, biyu na nuni. Shekarar ce masu neman mafaka kimanin 890,000 suka shiga Jamus, kuma an daɗe ana jayayya a ƙasar kan su wa ne *wir*, gwamnati ce ko ƙananan hukumomi ko masu aikin sa kai ko har da baƙin kansu, kuma mene ne *das*, samar da gadon kwana na wata guda ko zaunar da mutane na dindindin. Magoya baya da 'yan adawa duk jimla ɗaya suke maimaitawa, kowa da inda ya karkata yatsan. Irin wannan jimla ta fi shafi goma na atisaye amfani a aji.

Koyar da Jamusanci ga baƙi fanni ne mai tarihi a jami'o'in Jamus. Gerhard Helbig ya hau kujerar farko ta fannin a Cibiyar Herder ta Leipzig a 1969, Harald Weinrich ya kafa cibiyar Munich a 1978, kuma nahawunsa na 1993, *Textgrammatik der deutschen Sprache*, ya ɗauki cikakken matani a matsayin ma'aunin harshe maimakon jimla tilo. Ilimin yana nan ke nan. Abin da ya rage shi ne ya sauko cikin aji, inda har yanzu atisayen cike gurbi a jimloli warwatse ke da rinjaye. Jimla ɗaya tilo ba ta iya koyar da bambancin *er* da *dieser*, domin bambancin tsakanin jimloli yake zaune. Jarrabawar shiga jami'a kuwa, TestDaF ko DSH, dogayen matani take kawowa, kuma wanda ya ɓatar da zaren nuni a sakin layi na biyu ya ɓatar da hujjar marubucin gaba ɗaya.

Abin yi ba ya bukatar kwamfuta ko kuɗi. A ɗauko rahoton jarida na gaske, a ba kowane ɗalibi fensir, ya zagaye duk *dies*, *das*, *dabei*, *dessen* da ya gani, ya ja kibiya zuwa abin da take nunawa. Inda kibiyoyin ɗalibai biyu suka saɓa, nan darasin yake. A wata ranar a goge kalmomin nunin duka a ce su mayar, sannan a kwatanta da na asali, a tattauna wuraren da zaɓi biyu ke yiwuwa da abin da kowanne ke canzawa. A kuma ɗauko saƙon waya a sa su mayar da shi rahoto bayan mako guda. *Ich komme morgen hierher* zai koma *er komme am nächsten Tag dorthin*: *ich* ta zama *er*, *hierher* ta zama *dorthin*, *morgen* ta zama *am nächsten Tag*, *gestern* kuma idan akwai ta zama *am Vortag*. Bahaushe ba ya cewa "gobe" a labarin bara, "washegari" yake cewa, don haka wannan ma sai dai a tuna masa.

*Du* da *Sie* ba sa bukatar dogon bayani ga wanda ya saba ce wa surukinsa "ku", illa a ja kunnensa cewa a rubutu babban harafi ne kaɗai ke raba *Sie* ta girmamawa da *sie* mai nufin ita ko su.

Akwai kuma wuraren da malami ya kamata ya faɗa wa ɗalibai cewa 'yan harshen kansu ba su daidaita ba. Idan ranar Talata Bajamushe ya ce *nächsten Freitag*, wasu za su fahimci Juma'ar wannan makon, wasu ta makon gobe, har sukan tambayi juna *diesen oder nächsten?* Wasu na kauce wa rikicin da *kommenden Freitag*, Juma'a mai zuwa. Shi ya sa takardar gayyata daga ofishin baƙi ko sakatariyar jami'a ba ta tsayawa a sunan rana, sai ta rubuta kwanan wata da ƙarfe, kuma ɗalibin da zai rubuta wa farfesa neman ganawa, haka ya kamata a koya masa ya yi.